Irin Masata Ya Kwana a Habasha

Tun da na dawo daga Doha na sake hura wuta a ƙofar gida, ba mai sayen masa ya tafi salin alin. Kowa sai ya tsaya yana tambaya: Inna Kulu, yaya jirgi? Da nisa? Awa nawa? Ni kuwa ba na iya suya ina ba da labari, masar ce za ta ƙone. Don haka na sayi littafin rubutu na zauna na rubuta komai a jere. Karatuna iyakarsa firamare, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Zan fara da abin da ya kai ni. Autana Nasiru shekararsa shida a Doha yana gyaran lif, wato akwatin nan da ke hawa da mutane bene. A can ya auri Ramatu, 'yar Zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Ta haifi namiji ranar Asabar, mako biyu kafin lokacin da likita ya faɗa. Takarduna sun riga sun fito, sai Nasiru ya matso da tikitina zuwa Laraba don in riski suna.

Sai kuma abin da na ɗauka. Ban taɓa sa yis a ƙulluna ba. Kowace safiya kafin in fara suya nakan ɗebi ludayi biyu in ajiye gefe, da yamma in zuba a sabon markaɗe, shi ke tayar da shi. Iri muke ce masa. Daga hannun mahaifiyata na karɓe shi ranar da ciwon ƙafa ya hana ta zama gaban tanda, kuma bai taɓa yankewa ba. Ko ranar da maigidana ya rasu sai da na sa aka markaɗa gwangwani ɗaya don kada ya mutu. Duk sunan da aka yi a gidanmu, da shi aka yi masa. Ƙanwata da ke taya ni ta rasu bara, 'ya'yana mata suna aure a nesa, maƙwabtana kuwa duk 'yan yis ne. Ba wanda zan bar wa. Na yanke shawara zan tafi da shi gaba ɗaya, in yi masar suna da shi, in dawo da shi.

Iri yana da ƙa'ida. A zafin Azare yana jure awa ashirin ba a ƙara masa sabon markaɗe ba. Ya wuce haka sai ya tsinke, ya fara warin giya, daga nan ya mutu. Don haka na kira Nasiru na ce, "Daga Kano zuwa wajenku awa nawa ne?"

Ya ce, "Inna, in kai tsaye ne kamar awa bakwai, don ya kusa kilomita dubu biyar. Amma naki jirgin za ku sauka a Addis Ababa tukuna."

Na ce, "To." Na kashe waya.

Ni na ɗauka irin tsayawar da motar Kano ke yi a Wudil ce, a yi salla a sayi kifi a wuce. Na ba ta awa ɗaya. Na rubuta lissafina a bayan kwalin sukari: mota awa uku, filin jirgi huɗu, sama bakwai, tsayawa ɗaya, fita da isa gida biyu. Goma sha bakwai ke nan, da rarar uku. Na sa aka gaya wa Ramatu a jiƙa shinkafa tun safiyar Laraba.

Ranar Laraba ƙarfe shida na ɗebi iri. Wata maƙwabciyata da ta yi aikin Hajji ta riga ta gaya mini ba a shiga jirgi da abu mai ruwa, sai na cuɗa shi da garin shinkafa har ya yi tauri kamar tuwo, na sa a roba mai murfi, na sa robar a jakar hannu. Tandata ta ƙasa mai gida shida na naɗe ta da zani biyu na rungume.

A tasha direba ya miƙo hannu zai jefa ta but, ƙarƙashin buhunan albasa.

Na ce, "Sauke hannunka."

Ya ce, "Haba Inna, kasko za ki goya har Kano? Ko jariri ne?"

Na ce, "Ta girme ka. Ja mota."

Muka bi ta Dutse muka tsaya a Wudil minti ashirin, na duba agogo na ji daɗi, don na ga lissafina yana tafiya daidai. Tara da rabi muna filin jirgin Kano. Wajen binciken kaya wani ma'aikaci ya buɗe robar ya leƙa.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ban yi Hajji ba tukuna. Ƙullun masa ne."

"To ina masar?"

"Tana Doha ranar Asabar, in kana da hali ka zo."

Ya yi dariya ya rufe ya miƙo mini.

Jirgi ya tashi ɗaya da rabi. Ba zan ɓoye ba, da ya ɗaga hanci sama na riƙe hannun kujera na karanta duk abin da na sani. Bayan nan kuma ba komai, zama ne kawai, ya fi motar Azare natsuwa. Kusa da ni wata mace ce mai kimanin shekara arba'in, Rifkatu sunanta, Kirista 'yar Zonkwa, nas ce a wani asibiti a Doha, ta zo hutu za ta koma. Ita ta ɗaura mini bel ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayan gida.

Mun yi kamar awa biyu a sama sai na ji fat a cikin jaka. Murfin robar ne ya tashi. Tsami ya bugi mutanen da ke gabanmu har suka waiwayo.

Rifkatu ta ce, "Mama, burukutu kika ɗauko mana?"

Na ce, "Ki iya bakinki. Iri ne." Na yi mata bayani daga farko, na ciro kwalin sukari na nuna mata lissafi. Ta duba, ta ce in ba ta tikitina. Ta karanta shafi na farko, ta juya na biyu, wanda ni ban taɓa juyawa ba.

"Mama, ba yau za mu isa ba fa."

"Kamar yaya?"

"Wannan jirgin Addis ne iyakarsa. Kusan awa biyar. Can za mu kwana, kamfani zai kai mu otal. Na Doha sai gobe ƙarfe biyu na rana, shi kuma awa huɗu. Tikiti ɗaya ne da nawa."

Ta taɓa ɗan gilashin da ke bayan kujerar gabanmu, taswira ta fito. Ga Kano, ga Doha can sama ta hannun dama, ga jirginmu kuma ya karkata ƙasa yana tafiya wani waje daban. Ashe ma ba kan hanya Habasha take ba, ratse ne. Na karɓi biro na sake lissafi. Daga shidan safiyar Laraba zuwa lokacin da zan shiga ɗakin Ramatu, awa talatin da shida. Iri kuma ashirin yake jurewa.

Aka kawo abinci a ɗan faranti, ban ci ba. Rifkatu ta ce, "Mama, ai ana sayar da yis a Doha, har kala uku." Na danne murfin robar na mayar da ita jaka. Ta gane, ba ta sake faɗa ba.

Mun sauka Addis Ababa agogona yana cewa shida da 'yan mintoci, na bango yana cewa takwas. Rifkatu ta ce sun fi mu da awa biyu, haka ma Doha. Ban gyara agogona ba, don iri bai san da wannan ba. Aka buga mana hatimi, aka zuba mu a bas ana yayyafi, ga sanyi kamar na tsakiyar hunturu alhali a gida mun baro zafi. Wannan sanyin shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali, don na san yana rage wa ƙullu gudu.

A otal aka ba ni ɗaki ni kaɗai, da gado mai faɗin da ya ishi mutum huɗu. Na tambayi gabas, aka nuna mini arewa. Na yi gardama, Rifkatu ta nuna mini a waya cewa daga can Makka tana arewa. A Doha kuma yamma na riƙa kallo. Na rubuta wannan don wanda zai je ya sani, ya tambaya kafin ya shimfiɗa sallaya.

Muka sauko cin abinci. Aka kawo wani abu kamar sinasir, amma faɗinsa ya kai faifai, launinsa toka-toka, fuskarsa duk ƙananan idanu, an zuba miya kala-kala a kai. Injera suke ce masa. Ba cokali, da shi ake ɗiban miyar, kuma mutum huɗu suna ci a tire ɗaya kamar mu. Na gutsura na sa a baki, na ajiye hannu.

Na ce, "Rifkatu, wadda ta yi wannan tana da iri. Kai ni wajenta."

"Mama, ba a shiga kicin ɗin otal."

"To ta fito."

Mai kula da wajen ya ce ba zai yiwu ba. Na tsaya a bakin ƙofar kicin da robata a hannu, ban yi faɗa ba, ban kuma matsa ba. Masu ɗauko abinci suna ta kewaye ni. Can sai ga wata mace siririya, sa'ata, da farin ƙyalle a ka, tana goge hannu. Sunanta Almaz. Na buɗe robar na miƙa mata. Ta shinshina, ta dube ni, ta kama hannuna ta ja ni ciki, mai kula da waje yana magana ba ta ko waiwaye shi ba. Ta buɗe wani babban bokiti, ga ƙullu yana numfashi, da ruwa rawaya-rawaya kwance a samansa. Ba mu da yare ɗaya, amma ban buƙaci fassara ba.

Na sa Rifkatu ta roƙa mini farar shinkafa dafaffiya wadda ba mai ba gishiri, in dama in ba irin. Aka duba, duk wadda ta rage an soya ta da mai da kayan ƙamshi. Garin shinkafa kuwa babu. Lokacin iri yana da awa goma sha biyar, ya fara laushi a gefe. Almaz ta nuna mini wani kanta a ɗakin ajiya mai sanyi. Na ajiye robar na ce wa Rifkatu, "Gaya mata a bar shi a nan, kada kowa ya taɓa." Ta faɗa da Turanci, Almaz ta gyaɗa kai.

Da safe bayan na yi salla na sauko. Robata tana nan, amma an canja mata murfi da faranti, kuma ta cika har baki. Ƙullun yana tsattsafa, da rai ƙwarai, sai dai ba fari ba ne. Ya koma ruwan ƙasa.

Na ce a kira mini Rifkatu. Ta zo da ɗankwali a hannu.

"Tambaye ta me ta zuba."

Suka yi magana, Almaz ta ɗebo wani gari a tafin hannu ta nuna mini, da ƙwayarsa, ƙanana kamar acca. Tef sunansa, da shi suke injera.

"Ta ce kafin ta tashi aiki ta duba, ta ga ya fara tsinkewa. Sai ta ba shi garinsu, ta ƙara cokali ɗaya na ruwan saman ƙullunta."

"Na ce kada a taɓa ko ban ce ba?"

"Kin ce, Mama."

"Shekara nawa ba abin da ya shiga irin nan sai shinkafa. Gaya mata."

Rifkatu ta faɗa. Almaz ba ta sunkuyar da kai ba. Ta amsa a taƙaice ta juya ga murhunta.

"Me ta ce?"

"Ta ce da ta bi maganarki, da gawa za ki ɗauka yanzu. Ta ce kuma nata ma ba na titi ba ne, na kakarta ne."

Na ɗauki robata na hau sama ban yi godiya ba. Na zauna bakin gado na ƙirga. Awa ashirin ta cika tun ƙarfe biyun dare agogon gida, ina barci. Sanyi zai iya ƙara masa awa huɗu ko biyar, ba zai kai shi Doha ba. Matar ta fi ni gaskiya, kuma na fi minti talatin kafin in yarda. Kafin bas ta zo na kwance kayana na ciro ƙullin yajin ƙuli na sauka na ba ta. Ta lasa, ta yi tari, ta yi dariya, ta rungume ni ta sumbaci kumatuna sau uku. Haka suke gaisuwa. Na daure.

Jirgi na biyu awa huɗu ne ba kaɗan. Mun sauka Doha dab da magariba. Filin jirginsu gari ne guda, mun yi tafiyar da ta kai daga gidana zuwa kasuwar Azare ba mu fita daga gini ba. Aka ɗauki hoton idona da zanen yatsuna. A wajen kwastan na'ura ta nuna tanda, wani saurayi mai farar riga ya sa na kwance. Ya ƙirga gidajenta da yatsa, ya tambayi Rifkatu, ta ce ta burodi ce. Ya buɗe robar iri ya shinshina ya kawar da kai, ya miƙo mini da sauri. Amma da ya ga kanwar da na ƙullo a leda, farin dutse ba suna ba takarda, ya ce wannan kam ba za ta shiga ba. Cikin ladabi ya faɗa, har da kirana Ummi. Na bar masa.

Ƙofar waje na buɗewa zafi ya rufe ni kamar na leƙa gidan burodi. Ga Nasiru, ya yi ƙiba, ya durƙusa a gaban mutane.

"Inna, sannu da hanya. Ina gajiya?"

"Ka ce mini awa bakwai."

"Na ce in kai tsaye ne, Inna. Na ce za ku sauka a Addis."

"Ka ce za mu kwana?"

"Ina shirin faɗa kika ce to."

Ya fi ni gaskiya, don ni na koya musu cewa in na ce to magana ta ƙare. Na ce ya tashi ya ɗauki akwati. Rifkatu ta hau tasi zuwa Al-Sadd inda take zaune, bayan na sa ta yi alkawarin zuwa suna.

Gidansu a Al Muntazah yake, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ƙasa kuma duk shaguna da gidajen abinci. Na ga Ramatu, lafiyarta ƙalau. Aka miƙo mini angona na duba shi tun daga kai har ƙafa, na ce hancin namu ne, na mayar. Sannan na shiga kicin. Shinkafar Laraba ta lalace, amma yarinyar tana da hankali, ta sa an jiƙa wata. Injin markaɗe babu a unguwar, sai blanda. Na buɗe famfo zan ɗebi ruwa ya kusa ƙona ni. Nasiru ya ce haka yake da zafi, tankin yana kan rufi rana tana dafa shi, in ana son mai sanyi sai a buɗe famfon ruwan zafi wanda aka kashe wa wuta. Na markaɗa gwangwani biyu na gwaji, na zuba iri duka, na ja layi da wuƙa a jikin robar daidai inda ya kamata ya kai, na rufe.

Da asubar Juma'a na buɗe. Yana nan inda na bar shi, ko ido ɗaya babu.

Ƙarfe tara sai ga Hajiya Memuna, gwaggon Ramatu, wadda ke dafa wa ma'aikata abinci a Al Asmakh. A gidanta za a yi suna, don tsohon gida ne mai tsakar gida. Babbar mace ce mai babbar murya. Muka gaisa, ta leƙa robar, ta tafa hannu.

"Yaya Kulu, wannan ai ya rasu. Allah ya jiƙansa. Halas, magana ta ƙare."

"Bai rasu ba."

"Na jiƙa mudu goma tun asuba, mutum ya fi ɗari za su zo. Mu a Kumasi ma masa muke yi, ba mu taɓa hawa jirgi da ita ba." Ta zaro ledar yis daga jaka ta ajiye a kan tebur. "Yalla, mu zuba mu huta."

Na ce, "Ƙarfe nawa ne ƙarshen lokacin haɗawa in ana son ya tashi kafin asuba?"

"La'asar."

"To ba ni zuwa la'asar. In bai tashi ba, da hannuna zan zuba wannan."

Ta tafi tana cewa 'yan Najeriya da taurin kai. Na tsaya a kicin na yi tunani a jere. Warinsa lafiya. Ruwan da na sa ba mai zafi ba ne. Shinkafa ba ta da laifi. Saura ɗaki. Sai a lokacin na lura tun jiya da mayafi biyu nake yawo, don na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, kuma ba a kashe ta ga mai jego da jariri a wannan zafin. Na fita baranda na ɗora hannu a kan ƙarfe na janye da sauri, nan kam dafa shi za a yi. Na buɗe ƙofar gida na sauka matakala. Tsakanin hawa na uku da na biyu akwai ɗan fili, ba rana ba sanyi, ɗuminsa kamar ɗakina da bazara. Na ɗauko kujera da roba na zauna, ƙarfe goma da kwata agogonsu.

Mutanen gidan suna ta wucewa, Indiyawa da 'yan Filifin da wasu da ban san ƙasarsu ba. A can ba a tsayawa gaisuwa, kowa ya ɗaga kai ya wuce. Mai gadin gidan ne kawai ya hau ya tsaya yana kallon robar, ya ce, "Mama, mushkila?" wato ko da matsala. Na ce babu. Ya tafi ya dawo mini da shayi mai madara a ɗan kofi.

Sha biyu, maza sun tafi masallaci, ba komai. Nasiru ya dawo ya ce in shigo in ci abinci, na ce a kawo nan. Ƙarfe ɗaya na ga ido biyu a gefe. Ban gaya wa kowa ba. Ƙarfe biyu fuskar ta cika da idanu, na kara kunne na ji yana 'yar ƙara. Uku saura kwata ya taɓa layin wuƙa. Ana kiran la'asar ya wuce shi.

Na ce wa Nasiru ya kira mota. Na ɗauki ledar yis daga kan tebur na tafi da ita Al Asmakh na miƙa wa Hajiya Memuna a hannu. Ta buɗe robar ta daɗe tana kallo.

"Kai! Ashe suma ya yi."

"Kina da kanwa? Tawa tana wajen kwastan."

"Kanwa? Buhu gare ni. Ke dai ba ki da abin da za ki roƙa sai da tsawa."

Muka markaɗa mudu goma da blanda biyu, ɗaya ta yi zafi ta tsaya sai da aka yi mata fifita. Na raba irin a manyan robobi biyu, muka ajiye a zauren gidan inda ba na'ura.

Asabar bayan sallar asuba robobin sun cika har suna ɗaga murfi. Na ɗebi ludayi biyu na ajiye gefe kamar kullum, na sa ruwan kanwa da albasa da sukari. Aka hura gawayi a tsakar gida, na ɗora tanda, na zuba shida na farko. Suka kumbura, na juya, bayansu ja, cikinsu fari da ɗan duhu kaɗan wanda sai mai sana'a zai lura. Daga nan ban ɗaga kai ba sai ƙarfe tara. Ina jin liman ya yi addu'a aka raɗa wa yaro suna Yusuf, ina jin 'yan Zango da 'yan Najeriya suna musun wa ya fi iya shinkafa. Rifkatu ta zo daga wajen aiki da kayan asibiti a jikinta, ta ci takwas a tsaye.

Nasiru ya zo ya tsuguna gefen murhu kamar yadda yake yi yana yaro, na sa masa uku a faranti da miyar taushe. Ya ci ɗaya, ya ce, "Ita ce, Inna." Na ci gaba da suya ban dube shi ba.

Hajiya Memuna ce ta tauna a hankali ta ce, "Yaya Kulu, masar ta yi, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai wani ɗan tsami can bayan harshe. Wannan ba na shinkafa ba ne."

Da na so sai in ce ruwan Doha ne. Na ce, "Na Habasha ne." Na ba ta labarin Almaz ina suya. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ƙara mata huɗu.

Wata guda na yi. Ban je ko'ina ba sai bakin teku sau ɗaya da wata tsohuwar kasuwa, don kullum da yamma akwai markaɗe. Na koya wa Ramatu, na bar mata rabin iri da ƙa'idarsa a rubuce, har da wurin ajiyewa a matakala. Da za a sayi tikitin dawowa na zaunar da Nasiru ya karanta mini shi layi-layi har shafin ƙarshe, ban ce to ba sai da ya ce ya gama. Wannan karon ba kwana a hanya, awa bakwai da wani abu zuwa Abuja, ɗan zama, sannan awa ɗaya zuwa Kano. Na shiga gidana iri yana da awa goma sha takwas.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Malam Idi tela da wasu mutum biyu sun ce masata ta canja tun da na dawo. Ba su yi ƙarya ba. Launin tef ya fita tun a Doha, amma tsamin ya zauna, kuma na yi markaɗe sama da arba'in bai tafi ba. Na yi kwana uku ina tunanin ko har yanzu irin mahaifiyata ne. Abin da na tsayar shi ne nata ne, da na kakar Almaz a ciki, kuma ba mai iya raba su. Wani irin ba ni da shi, ba kuma zan nema ba. Wanda bakinsa bai karɓa ba, akwai masu ta yis a bakin tasha.